Satar Faifan Shekara a Anacha

Ana tsakiyar sallar Juma'a aka sace Faifan Shekara. Ruwa ya tsuge tun kafin huɗuba, ya ɗauke ana tayar da salla. Da Alhaji Maikuɗi Indabawa ya dawo daga masallaci, sai ya tarar da ƙofar baya ta kantinsa a buɗe, an ɓamɓare mariƙin kwaɗo daga jikin katako. Rediyogiram, wato abin sa faifai, na nan, faya-fayan sayarwa na nan jere a kanta, ko akwatin ciniki ba a taɓa ba. Abu ɗaya aka ɗauka, wato faifan tagulla mai gindin katako, wanda za a miƙa wa gwanin mawaƙa washegari Asabar.

Shekarun bayan yaƙin basasa ne. Hausawan da suka gudu sun dawo Anacha da Enugu da Fatakwal, kuɗin mai ya shigo hannun mutane, kowane direba da mahauci yana son abin sa faifai a ɗakinsa. Alhaji Maikuɗi, wanda ya fara da albasa a Kasuwar Ose Okwodu, ya buɗe kantin faifai, har ya fara kai mawaƙa ana buga musu nasu. Shi ya kawo wa ƙungiyar 'yan Arewa ta garuruwan uku shawarar a riƙa zaɓen faifan da ya fi kowanne a shekara, shi kuma ya ɗauki nauyin komai.

Faifai uku suka kai ƙarshe. Akwai na Gwadabe mai kukuma daga Enugu, da na Barira zabiya daga Fatakwal, da na Ɗan'auta mai jita, ɗan Anacha, wanda Alhaji da kansa ya buga masa. Alƙalai ma uku ne: Malam Bappa shugaban ƙungiya, da Malam Awwalu mai koyarwa a firamare, da Inna Tabawa, tsohuwar da ta yi zamaninta a waƙa kafin yaƙi, yanzu tana sayar da busasshen barkono.

Nan da nan unguwa ta ɗauka. Samarin Anacha suka ce Gwadabe ne, don ba a gan shi a masallaci ba, kuma tun isowarsa yake faɗa a bainar jama'a cewa gasar nan an gama ta tun ba a fara ba. Baƙin Enugu suka ce sharri ake so a ƙulla wa mutuminsu. Wasu kuma suka fara raɗa, suna ɗaga kai suna kallon benen da ke saman kantin, inda mai gidan, Mazi Obiora, ɗan ƙabilar Ibo, yake zaune da iyalinsa. Wannan raɗar ta fi komai tayar wa Malam Bappa hankali. Ya san irin wahalar da aka sha kafin a sake zama tare a garin nan. Sai ya sa aka tare bakin lungun baya da benci, ya aika a kira Na'Allah.

Na'Allah mai bin sawu ne. Dillalan shanu na mayankar Enugu ke ɗaukarsa in sa ya ɓace ko an kore garke, kuma biki ne kawai ya kawo shi Anacha. Dogo ne siriri, mai yawan shiru da yawan tambaya. Waƙa ba ta dame shi ba. Abin da ya ja shi ciki shi ne mamakin ɓarawon da zai bar rediyogiram ya ɗauki tagulla.

*

Ya fara da Alhaji Maikuɗi. Ya tambaye shi ko faifan na da tsada, Alhaji ya ce a'a, tagulla ce kawai aka goge, wani maƙeri a unguwar Kol Kam ta Enugu ya yi shi. Ya tambaye shi wa ya taɓa ganinsa, ya ce ban da shi sai alƙalai uku, jiya ya nuna musu, suka taɓa, ya mayar cikin ƙyalle. Alhaji yana magana yana share gumi, ko da yake garin da sanyin ruwa. Ya ce shi dai a kira 'yan sanda su kama Gwadabe a huta. Amma da Malam Bappa ya juya baya, sai ya kamo hannun Na'Allah ya rage murya.

"In Allah ya sa ka same shi, ni za ka kawo wa, a nannaɗe. Kada ka buɗe shi gaban kowa."

Na'Allah ya ce ya ji. Bai ce ya yarda ba. A ransa ya yi ta juya maganar, don a saninsa mai kaya ihu yake yi a ga kayansa, wannan kuwa tsoron a gani yake.

Ya tsuguna gaban ƙofa. Katakon ya ci ruwa ya ruɓe, ƙato ɗaya zai fizge mariƙin da hannu. Amma jikinsa duk ƙananan tabo ne, an yi ta zura wani abu ana ɗagawa kaɗan-kaɗan. Wanda ya yi aikin ba shi da ƙarfi, sai haƙuri. Bakin ƙofar kuwa 'yan kallo sun riga sun tattake shi, babu abin karantawa.

*

Gwadabe yana masaukin baƙi, kwance a tabarma, kukumarsa rataye a ƙusa. Gajere ne mai faɗin ƙirji, idanunsa jawur. Da farko ya ƙi faɗin inda yake lokacin salla. Ya ce shi bai saci komai ba, amma da zai ga ɓarawon da ya yi masa waƙa kyauta. Ya ce ina aka taɓa jin mai sayar da faifai ya shirya gasa, ya sa faifan yaronsa a ciki, ya zaɓo alƙalai, ya ciyar da su, sannan a ce mutane su zauna su jira sakamako. Ya ce shi ya zo ne don kada a ce tsoro ya ji.

Na'Allah ya bar shi ya gama, yana kallon takalmansa da ke bakin ƙofa. A bushe suke ƙayau, har da ƙurar jiya a kai. Rigarsa ɗaya da ke rataye ita ma a bushe. Ya matso kusa, ya ji warin da ke fita bakinsa, ya tambaye shi a hankali ko bammin na gidan nan ne ko daga waje aka kawo. Gwadabe ya sunkuyar da kai. Ya ce matar mai masaukin ke sayarwa a bayan gida, tun hantsi yake can, kunya ce ta hana shi shiga sahu da wannan warin. Ya roƙi kada maganar ta kai Enugu.

Da Na'Allah ya fito, ya ga samari sun fara taruwa a tsallaken titi, wasu da sanduna.

Mazi Obiora ya karɓe shi da Hausa tsantsa, irin ta mutumin da ya yi rabin rayuwarsa a Sabon Garin Kano. Ya ce ya ji abin da ake raɗawa. Ya ce duk tsawon yaƙi shi ya hana a shiga shagon nan, da Maikuɗi ya dawo ya miƙa masa mabuɗi bai ce a ba shi komai ba. Ya buɗe ƙofofin ɗakunansa ya ce a duba. Na'Allah ya ce ba dubawa ya zo yi ba, tambaya ce: daga tagarsa ana hango lungu, me ya gani? Mazi ya ce da ruwa ya fara ya rufe taga, kuma ƙarar ruwa a kan kwano ba ta bari a ji komai. Amma kafin ruwan ya ga wata mace mai dogon takalmi da laima ja ta shiga lungun.

Barira ce, kuma ba ta musa ba. Ya same ta a gidan wata ƙawarta ana yi mata kitso. Ta ce ta je ne ta ga Alhaji a keɓe, ta ji ko zai buga mata faifai na gaba, ta tarar da kwaɗo ta juyo. Ta yi dariya da ya ambaci tagulla. Ta ce ita me za ta yi da ƙarfen da ba ya juyawa a kan allura? Abin da take so a gasar shi ne a kira sunanta, gidan rediyo ya ji, masu biki su riƙa aiko mata mota. Wanda aka ba wannan abu, in ji ta, shekara guda zai yi yana cin albarkacinsa, shi ya sa kowa ya damu.

*

Na'Allah ya koma lungu, ya tsallake benci, ya wuce inda 'yan kallo suka tsaya. Can gaba laka na nan lumui. Ya ga ramukan dunduniyar takalmin Barira, shiga da fita, amma ruwa ya dake su ya cike su. Ta faɗi gaskiya, kafin ruwa ta zo ta tafi.

A gefen bango ya ga wani sawun, sabo, bakinsa bai rushe ba. Silifa ce ƙarama, taku gajere, ƙafar hagu na ɗan ja. Ya bi shi a sunkuye. Bai yi nisa ba ya ga shatar abu mai kusurwa huɗu a laka, inda aka sauke kaya aka huta. Gaba kaɗan ya sake ganin irinta, kusa da ita kuma zagayen shatar gammo da ya faɗi aka ɗauke. Namiji da a kafaɗa ko a hammata zai ɗauka. Wannan a ka aka ɗora, kuma mai ɗaukar ba ta iya tafiya mai nisa ba ta huta ba.

A duk inda ta huta, ta tofar da yawu a gindin bango. Ja ne, amma ya fi na goro duhu. Na'Allah ya sa tsinke ya tona, ya ga 'yan ɓarɓashin ganye a ciki, ya kai hanci. Fure ne, furen taba wanda mata a da suke goge haƙora da shi. Rabonsa da ganinsa tun yana Arewa. 'Yan matan yanzu sun bar shi, a ƙasar nan ma ba a samunsa sai an yi wa direba saƙo.

Sawun ya ɓace a kan kwalta. Bai damu ba. Ya tsaya wajen masu sauke albasa ya tambayi wani direba, kamar da wasa, ko har yanzu akwai mai yin saƙon fure. Direban ya ce mutum ɗaya ce duk Anacha, kuma in ya manta ba ya shan ruwan gidanta. Ya kwatanta masa gidan.

*

Tun daga zaure Na'Allah ya ji ƙarar guga, ƙarfe a kan dutse, a hankali ba tsayawa. Ya yi sallama, ƙarar ta ɗauke. Inna Tabawa ta fito tana jan ƙafar hagu, ta ja labule ta rufe ƙofar ɗaki. Hannuwanta duk toka da yashi, kan yatsunta ya saɓule. Ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa da cikakkiyar gaisuwa, ta tambayi mutanen Enugu da shanu. Da ta yi murmushi ya ga haƙoranta jawur. Ta ce tukunya take wankewa.

"Inna, tukunyar nan ake nema a kantin Alhaji," in ji shi.

 Ba ta yi musu ba, ba ta kuma ji kunya ba. Ta ce ya bar ta zuwa wayewar gari, da kanta za ta mayar, babu wanda zai yi asara. Ya tambaye ta dalili. Ta ce abu ne da in mutum biyu suka san shi ya lalace.

Na'Allah ya so ya bar ta zuwa safiya, don son jin ƙarshen abin ya kama shi sosai. Amma ya gaya mata samari sun kewaye masaukin Gwadabe, kuma ana nuna benen Mazi da baki. Kafin gari ya waye za a iya fasa kan wani. Ta share hannu a zani, ta ce ya wuce tana zuwa.

*

Kafin magariba Malam Bappa ya tara kowa a gaban kanti: mawaƙan uku, Malam Awwalu, Mazi Obiora, Alhaji Maikuɗi, da jama'a har bakin titi. Na'Allah ya tsaya ya yi bayani a taƙaice. Ya ce Gwadabe bai taka laka ba yau, kuma bai faɗi inda yake ba. Ya ce Barira ta zo kafin ruwa ta koma hannu wofi. Ya ce Mazi ko matakalar benensa bai sauko ba. Wanda ya ɗauki faifan, in ji shi, a ka ya ɗauka, kuma ga shi nan tafe.

Mutane suka dare. Inna Tabawa ta ratso da kaya a kanta, nannaɗe da tsohon zani. Alhaji ya yi wuf ya miƙa hannu, yana cewa ba komai, uwa ce, ya yafe, a ba shi a rufe magana. Na'Allah ya shiga tsakani, ya ce Malam Bappa ne ya kira shi, shi za a miƙa wa.

Malam Bappa ya kwance zanin. Faifan na sheƙi, amma a gindinsa, kan ɗan allon tagulla, an goge rabin wani rubutu har wurin ya yi fari. Sauran rabin na nan, zane mai zurfi. Malam Awwalu ya sa tabarau ya sunkuya, ya karanta a fili tun bai gane abin da yake karantawa ba.

"Auta."

 Kowa ya juya ga Ɗan'auta. Saurayin ya miƙe daga benci, bakinsa a buɗe, ya kalli allon, ya kalli Alhaji.

Inna Tabawa ta yi magana ba ta ɗaga murya ba. Ta ce jiya da aka nuna musu, an liƙe allon da takarda wai don kada ya dushe. Ita ba ta iya karatun boko ba, amma da ta shafa ta ji ramukan rubutu a ƙarƙashi. Ta kwana tana tunani. Ba su ji faifai ko ɗaya a zaune ba tukuna, to sunan wa aka rubuta? Sai da ta kai shi gida ta gwada da rubutun jikin faifan Ɗan'auta ta gane.

"An kira ni in ji waƙa in faɗi gaskiya," in ji ta. "Ban zo a ɗora ni a kujera kamar kwalliya ba. Niyyata in goge in mayar, in mun zaɓa a rubuta."

Alhaji ya fusata. Ya ce maƙerin yana Enugu, zane na ɗaukar lokaci, so yake a miƙa abu cikakke ranar biki. Ya ce wa bai san faifan Ɗan'auta ya fi kowanne fita ba? Jama'a sun riga sun zaɓa da aljihunsu. Ya ce gasa don me ake yinta in ba don a sayar da faifai, mawaƙa su ci abinci ba? Malam Awwalu ya ce in ciniki ne ma'auni, da sai a ƙirga kwalaye a huta, ba sai an tara dattawa ba. Gwadabe ya buɗe baki zai yi kirari, Barira ta ja rigarsa ya zauna.

Ɗan'auta ne ya kashe maganar. Ya ce wallahi bai sani ba. Ya ce wata da watanni yana gyaran waƙoƙin nan, so yake a ji su. Ya cire faifansa daga gasa, ya ɗauki jitarsa ya fita, ba wanda ya tare shi.

*

An yi biki ranar Asabar, amma ba armashi. Ƙungiya ta cire Inna Tabawa daga alƙalai saboda ta fasa ƙofar mutum, ta kuma hana Alhaji shiga ɗakin sauraro. Malam Bappa da Malam Awwalu suka ji faifai biyun da suka rage, suka ba Barira. Aka liƙa takarda a kan allon aka rubuta sunanta da alƙalami. Mutanen Enugu suka ce an ba ta ne don kada a ba Gwadabe, na Anacha suka ce don a raba faɗa ne. Barira ta karɓa ta yi godiya, ba ta ɗaga shi sama ba. Malam Bappa da kansa ya hau bene ya ba Mazi haƙuri.

Na'Allah ya gama aikinsa, amma tambaya ɗaya ta hana shi shiga mota. Da hantsin Lahadi ya sami Inna Tabawa a rumfarta, yatsunta ɗaure da tsumma, tana auna barkono. Ya tambaye ta, da an bar ta ta zauna a kujerar, wa za ta zaɓa?

Ta ce Ɗan'auta mana. Ta ce Gwadabe gwani ne amma abin da ya gada yake maimaitawa, Barira murya gare ta amma waƙoƙin na biki ne. Yaron nan kuwa ya yi waƙar mutumin da ya dawo gari ya kasa gane ƙofar gidansa, ita da ta ji sai da ta rufe rumfa. Ta ce Malam Awwalu ma can ya karkata. Da Alhaji ya yi haƙuri, da yaronsa ya ci da gaskiya. Da ita ma ta sami daren nan, da ba wanda zai taɓa sani.

Na'Allah ya kalli yatsunta. Ta ce kada ya sa wa ransa, kan Gwadabe ya fi tagulla.

Ya sami Ɗan'auta a tasha, zaune kan buhun wani, jita a cinya, yana jiran motar Fatakwal. Ya ce zai je ya gwada can, inda ba a san shi da sunan yaron Alhaji ba. Na'Allah ya zauna kusa da shi ya faɗa masa abin da tsohuwar ta ce, bai ƙara ba bai rage ba.

Ɗan'auta ya ɗago kai.

"Baba, da bakinta ta faɗa? Har ta rufe rumfa?"

"Da bakinta."

"To wa zai yarda?"

"Ba kowa," in ji Na'Allah. "Amma ni na ji, kai ma yanzu ka ji."

Kwandasta ya fara kiran Fatakwal. Ɗan'auta ya miƙe ya rataya jitarsa, ya kalli motar, ya ce wata motar za ta zo. Ya juya ya nufi cikin kasuwa, wajen rumfunan barkono.